Babi na 5: Karatun Taswira

Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da ƙoƙari. Duk wanda ya iso wannan babi ya riga ya iya haɗa baƙi da wasali, ya iya ƙirga har dubbai, don haka kada takarda mai layuka da launuka ta ba shi tsoro. Taswira ma karanta ta ake yi, kuma wanda ya koyi karatun wasiƙa da furfura a kansa zai koyi wannan. Gemu ba ya hana ilimi.

Kowa ya tanadi fensir, da abin goge rubutu, da rula, da zare mai tsawon kamu ɗaya, da farar takarda, da ɗan dutse guda ɗaya wanda zai cika tafin hannu. Dutsen yana da aiki, za ku gani. Kada a zo da biro, domin za mu yi kuskure da yawa kuma za mu goge.

Darasi na 1: Kallo daga bisa

Ku ɗauki kofi ku ajiye a ƙasa, ku tsuguna ku dube shi ta gefe. Ga jikinsa, ga mariƙinsa, ga tsayinsa. To, ku miƙe tsaye, ku zo daidai kansa, ku sunkuyar da kai ku dube shi. Me ya rage? Da'ira kawai, sai ɗan abu da ya leƙo a gefe, wato mariƙin. Tsayin nan duk ya ɓace. Kofin yana nan yadda yake, ku ne kuka sake wurin tsayuwa.

Haka mai zana taswira yake kallon duniya, kamar shaho yana shawagi. Gida a wurinsa ɗan akwati ne mai kusurwa huɗu, domin rufin kaɗai yake gani. Hanya layi ce. Tafki ɗan zagaye ne. Ba ya ganin ƙofa a tsaye, ba ya ganin taga, ba ya ganin fuskar kowa.

Ga aikinku. Ku zana ɗakin da kuke zaune a ciki kamar an yaye rufin kuna leƙowa daga bisa. Bango huɗu, layi huɗu. Inda ƙofa take, ku bar giɓi a jikin layin. Tebur ɗan akwati, kujera ƙaramin akwati. Na san abin da zai faru, domin na sha gani: rabinku za su zana ƙofar a tsaye, har da makulli. Ba laifi, hannu ya saba da hoto. Ku goge, ku tuna da kofin, ku bar giɓi kawai. Wanda ya gama wannan ya zana taswirarsa ta farko, kuma ina taya shi murna.

Darasi na 2: Ina arewa?

A nan gizo ke saƙar. Shekara da shekaru ina koyar da wannan babi, ban taɓa ganin ma'auni ko lissafi ya kayar da mutum kamar yadda wannan tambaya take kayar da shi ba. Saboda haka za mu daɗe a nan, kada ku ƙosa.

Gobe da sassafe ku fita fili da dutsenku a hannu. Ku fuskanci wajen da rana take ɓullowa. Gabanku gabas ne. Bayanku yamma. Hannun hagu arewa. Hannun dama kudu. Ku faɗa da baki, a bayyane: gaba gabas, baya yamma, hagu arewa, dama kudu. Ku sake faɗa. Yanzu ku miƙa hannun hagu, ku yi taku uku ta wannan ɓangaren, ku ajiye dutsen, ku dawo inda kuke. Daga yau sunan dutsen nan arewa.

To, ga tarkon. Ku juya ku ba rana baya. Ina arewa? Na san hannun hagu ya fara ɗagawa. Ku sauke shi, ku nemi dutsen. Yana ina? Yana hannun dama. Hagu da dama a jikinku suke, duk inda kuka juya suna biye da ku. Arewa kuwa ba ta bin kowa, tana inda take. Waƙar nan ta gaba gabas, hagu arewa, tana aiki ne kawai lokacin da fuskarku take duban mafitar rana. Da kun juya, waƙar ta tashi aiki, sai dutsen.

Mu sake. Ku fuskanci dutsen kansa. Yanzu arewa tana gabanku, kudu a bayanku, gabas a dama, yamma a hagu. Wannan tsayuwar ku riƙe ta da kyau, domin ita ce tsayuwar mai karanta taswira. Ku rufe ido, wani ya juya ku sau biyu, ku buɗe, ku nuna arewa. In kun kuskure, ku yi dariya ku sake. Sannu ba ta hana zuwa.

Abu biyu game da rana. Ba kullum take fitowa a gabas sak ba. Sau biyu a shekara take yin haka, wajen 21 ga Maris da wajen 23 ga Satumba. Sauran watanni tana ɗan karkata, wani lokaci wajen arewa, wani lokaci wajen kudu, amma don irin aikinmu ta isa. Na biyu, da tsakar rana ba ta da amfani gare ku, tana can ƙoli. Ku nemi arewa da safe ko da yamma lis. In da yamma ne, kun fuskanci mafaɗar rana, arewa tana dama.

Yanzu mu koma kan takarda. Yawancin taswirori an zana su ne arewa tana gefen da aka rubuta suna. Da can nakan ce wa ɗalibai arewa tana sama. Wata rana na tambayi wani dattijo a aji, na ce, Baba, ina arewa? Sai ya ɗaga yatsa ya nuna rufin ɗaki. Aji ya kwashe da dariya. Ya ce, ai malam kai ka ce sama. Gaskiyarsa ce, laifina ne. Tun daga ranar na daina cewa sama. A wannan littafi gefen da sunan taswira yake shi muke kira goshin taswira, gefen da ke kusa da cikinku kuma gindin taswira. Goshi arewa, gindi kudu, dama gabas, hagu yamma. Sama tana can inda gajimare yake, ba ruwanta da mu.

Ku duba taswirar Afirka ku nemo Kogin Nilu. Yana tasowa daga kudu, ya ratsa Sudan da Masar, ya zuba a Bahar Rum da ke arewa. Wato a takarda yana tafiya ne daga wajen gindi zuwa goshi. Wata baiwar Allah ta taɓa tsayar da ni ta ce, malam, yaya ruwa zai hau sama? Na karɓi taswirar daga hannunta na shimfiɗa a ƙasa, na ce, Hajiya, yanzu ina hawan yake? Ta yi shiru, can ta ce, au. Ruwa gangare yake bi. In gangaren ya nufi arewa, arewa zai tafi.

Kada kuma ku ɗauka dole ne arewa ta kasance a goshi. Yarjejeniya ce ta masu zane. A shekarar 1154 wani masani Balarabe, al-Idrisi, ya kammala taswirar duniya a tsibirin Sisili don Sarki Roja na 2, kuma kudu ya sa a goshi. Har yau akan sami taswirar gini ko ta fili da aka karkatar don ta shiga takarda. Shi ya sa kafin komai za ku nemi kibiya. Tana nan a wata kusurwa, da harafin N a kanta. N arewa ke nan. S kudu, E gabas, W yamma. Haruffan Turanci ne, ba sai kun san kalmomin ba, ku haddace su kawai. Inda kibiyar N ta nuna, nan ne arewar takardar. In babu kibiya ko kaɗan, ku ɗauki goshi a matsayin arewa.

Darasi na 3: Kwantar da taswira

Kun san arewar fili, wato dutsenku. Kun san arewar takarda, wato kibiya. Aikin yau shi ne a haɗa su su dubi waje ɗaya. Wanda bai haɗa su ba, taswirarsa za ta ce masa dama alhali hagu ne, ya yi ta tafiya yana zagin mai zane.

Da farko ku kwantar da taswirar. A ƙasa, ko a tebur, ko a tafin hannu, amma a kwance. Kada ku riƙe ta a tsaye gaban fuska kamar madubi. Ƙasa a kwance take, hotonta ma a kwance ake karanta shi. Sannan ku nemi kibiya. Sannan ku juya takardar, a hankali, har kibiyar ta nuna dutsen. Shi ke nan. Yanzu abin da ke dama a takarda yana dama a fili, hanyar da ta miƙe a takarda ta miƙe ta wannan wajen a gabanku.

Takarda ake juyawa. Na ce takarda. Kullum sai na ga mutum ya bar takarda a inda take yana karkata wuya kamar mai leƙen rami, har hularsa na faɗuwa. Ku bar wuyanku ya huta. In rubutun ya koma kife bayan kun juya, ku ƙyale shi. Ba rubutun muke bi ba yanzu. In kuna son karanta suna, ku zagaya ku karanta, takardar ta zauna yadda kuka ajiye ta.

Ku gwada da taswirar ɗakin da kuka zana. Ku gano bangon da ke arewa, ku sa kibiya da N a takardar ta wannan gefen. Ku tsaya tsakiyar ɗaki, ku kwantar, ku juya har kibiya ta dubi bangon. Ku sa yatsa a kan giɓin ƙofa, ku ɗaga kai ku bi yatsan da ido. Ƙofar gaske tana wajen? In tana wajen, kun yi daidai, madalla. In kun ga bango, ɗaya daga cikin arewa biyun nan ta kuɓuce muku. Ku koma baya.

Wanda ya sami kamfas ya huta da jiran rana. Ɗan akwati ne mai allura a ciki, bakin allurar ɗaya yawanci ja ne, kuma jan bakin shi ke nuna arewa, dare da rana. Amma shi ma a kwance ake riƙe shi, in ya karkata allurar takan maƙale. Ku nisanta shi da ƙarfe: mota, ƙofar ƙarfe, tarin makullai, har da wayar hannu, domin allurar maganaɗisu ce, ƙarfe na janye ta. Ku jira ta daina rawa. Ku ɗora kamfas a kan taswira kusa da kibiya, ku juya taswirar har kibiya da jan baki su dubi waje ɗaya. Masana sun san akwai ɗan bambanci tsakanin arewar allura da arewar taswira, kuma bambancin ya danganta da inda mutum yake a duniya. Wannan na masu awon ƙasa ne da matuƙa jirgi, mu dai mu fara iya juya takarda.

Bari in faɗi wata magana, kowa ya yi haƙuri. A ajin da ya wuce na yi mako biyu a kan wannan darasi. Ranar gwaji na raba taswira, ban gama rufe baki ba mutane sun duƙufa suna neman sunayen garuruwa, ba wanda ya nemi kibiya sai mutum uku. Haba jama'a! Wannan gaggawar ta mece ce? Kun bar aikinku da iyalinku kun zo nan, sa'an nan abu ɗaya da na roƙe ku shi za ku tsallake? Garaje ba ƙarfi ba ne. Ba na so in sake ganin yatsa a kan taswira kafin a yi abu ukun nan: a kwantar, a nemi kibiya, a juya ta dubi arewa. Ku rubuta su a bangon littafinku da manyan baƙaƙe. Wanda ya ga maƙwabcinsa ya manta, ya taɓa shi.

Kuma duk lokacin da kuka sha kwana a hanya, sai an sake. Kun juya, takardar da ke hannunku ta juya tare da ku, arewa kuwa tana inda take. Ku tsaya, ku kwantar, ku nemi kibiya, ku juya.

Darasi na 4: Mabuɗi da launuka

Kun kwantar? Kibiya na duban arewa? To.

A wata kusurwa ta taswira akwai ɗan akwati mai alamomi, kowace alama da bayaninta a gefe. Sunansa mabuɗi. Mai zane ba shi da wurin rubuta komai, sai ya yi alama, ya faɗa muku ma'anarta a nan. Jan layi mai kauri sau da yawa babbar hanya ce, baƙin layi mai 'yan sanduna a gicciye hanyar jirgin ƙasa, layi mai ɗigo-ɗigo iyaka. Na ce sau da yawa, domin kowane mai zane da nasa. Kada ku yi canke. Ku sa yatsa ɗaya a kan alamar, ɗaya a cikin mabuɗi, ku nemi irinta.

Shuɗi ruwa ne, teku ko kogi ko tafki. Kore shi ne mai yaudara. A wata taswira daji ne, amma a taswirar da ke nuna tudu da kwari kore na nufin ƙasa mai kwari, ko da babu ko ciyawa ɗaya a wurin. Launin ruwan ƙasa kuma tudu ne, yana ƙara duhu tudun na ƙara tsayi. Lambar da kuka gani kusa da dutse tsayinsa ne daga fuskar teku. A kan Kilimanjaro, a Tanzaniya, za ku ga 5,895, wato mita.

Akwai kuma siraran layuka ruwan ƙasa masu zagaye-zagaye kamar zanen yatsa. Kowane layi yana bin wuraren da tsayinsu ɗaya. Inda suka matsu da juna, hawan yana da tsanani. Inda suka ware, gangaren mai sauƙi ne. Ku nemi wuri ɗaya matsattse da wuri ɗaya warwatse a taswirarku ku nuna wa na kusa da ku.

Darasi na 5: Ma'auni

Kafin rula, kibiya. Na gode.

Taswira ƙasa ce da aka ƙanƙance, ma'auni kuma shi ke faɗin sau nawa aka ƙanƙance ta. Ku duba gindin takarda, za ku ga lamba kamar haka, 1:100,000. Ɗigo biyun nan ba agogo ba ne. Ma'anarsu, santimita 1 a takarda daidai yake da santimita 100,000 a fili. Santimita 100 ne mita 1, mita 1,000 ne kilomita 1, don haka santimita 100,000 kilomita 1 ke nan cif. A irin wannan taswira kowace santimita kilomita ce. In rula ta ba ku 7 tsakanin gari da gari, kilomita 7 ne.

In ma'aunin 1:50,000 ne, santimita 1 mita 500 ce, rabin kilomita. Santimita 2 kilomita 1. Santimita 6 kilomita 3. In 1:250,000 ne, santimita 1 kilomita biyu da rabi. Lambar tana ƙara girma, taswirar tana ɗaukar ƙasa mai faɗi, amma abubuwa suna ƙara ƙanƙancewa har gidaje su ɓace.

Awo daga sifiri ake farawa. Bakin rula ba sifiri ba ne, kuma 1 ba sifiri ba ne. Ku nemi 0 ku ɗora shi a kan wurin farko.

Rula tana ba ku tafiyar tsuntsu ne, miƙaƙƙiya. Hanya kuwa tana lanƙwasa. A nan zare zai yi aiki. Ku ɗora bakinsa a mafari, ku bi da shi kan hanyar, kwana bayan kwana, kuna dannewa da farce. Inda kuka ƙare ku riƙe zaren da yatsa biyu, ku ɗaga, ku miƙe shi a jikin rula ba tare da kun ja shi da ƙarfi ba.

Wasu taswirori suna da ɗan sanda mai gaɓa-gaɓa da lambobi, 0, 1, 2, 3 kilomita. Ku ɗora zaren a kansa kai tsaye, babu lissafi. Ni na fi yarda da sandan. In an sake buga taswira an ƙara mata girma ko an rage, lambar nan ta koma ƙarya, amma sandan yana girma yana raguwa tare da takardar.

Aiki: ma'auni 1:50,000, zare ya ba ku santimita 9. Kilomita nawa?

Darasi na 6: Layukan kwance da na tsaye

Duniya dunƙulalliya ce kamar ƙwallo. Don a ba kowane wuri lamba, masana sun zana mata layuka a takarda, ba za ku gan su a ƙasa ba. Layin da ya ɗaure ta a ƙugu shi ne Ikwaita, tsawonsa kilomita 40,075, ya ratsa ƙasashe irin su Gabon, Yuganda, Kenya, Indunisiya da Burazil. Lambarsa 0. Layukan kwance suna tafiya daga gare shi har digiri 90 arewa da digiri 90 kudu. Tsakanin digiri da digiri kusan kilomita 111 ne.

Layukan tsaye suna fara ƙirga daga wanda ya bi ta Girinic a birnin Landan, kamar yadda aka amince a wani taro a Washinton a 1884. Ya sauko ta Faransa, Aljeriya, Mali, Gana. Shi ma 0 ne, ana ƙirgawa har 180 gabas da 180 yamma.

Lamba biyu ke nan ga kowane wuri, kuma ta arewa ko kudu ake fara faɗa, sannan ta gabas ko yamma. Birnin Faris yana wajen digiri 49 arewa, 2 gabas. Ku juya lambobin, 2 arewa, 49 gabas, kun faɗa Tekun Indiya, can gaban Somaliya. Kun ga ko a nan arewa ce farko.

A waya ba a cika rubuta N da S ba. Ɗan jan layi a gaban lamba, alamar ragi, shi ke nuna kudu a lamba ta farko, yamma a ta biyu. In kuna kwafe wa wani, kada ku yar da shi, kada kuma ku yar da ɗigon da ke tsakiya.

Darasi na 7: Taswirar waya

Shuɗin ɗigon da ke kan allo ku ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, aƙalla 24, suna zagaya duniya sau biyu cikin awa 24 daga nisan kilomita kusan 20,000, suna aiko da saƙon lokaci. Wayarku tana saurara, in ta ji huɗu sai ta lissafa inda take. Rasha da Sin da Tarayyar Turai ma suna da nasu. Gano wurin ba ya cin data, sauko da hoton taswirar shi ke ci. A cikin ɗaki ko tsakanin dogayen gine-gine ɗigon yakan yi tsalle, ku fita fili ku ɗan jira.

Taswirar waya tana juyawa da kanta, kuma yatsa biyu na juya ta ba ku sani ba. Na ga mutanen da suka iya takarda sarai sun rikice a nan, don sun ɗauka waya ba ta kuskure. Waya ta san inda kuke, ba kullum ta san inda kuka fuskanta ba. A Google Maps akwai ɗan hoton kamfas a gefe, ku taɓa shi, arewa ta koma goshi. Daga nan kun san sauran. Ku kwantar da wayar a tafin hannu, ku juya. Ba zan sake faɗa ba.

Darasi na 8: Girman ƙasashe

Ku yanka tsohuwar ƙwallon roba ku yi ƙoƙarin shimfiɗa ta. Sai ta yage ko ta miƙe. Haka taswirar duniya, dole wani wuri ya miƙe. Wadda wani mai zana taswira, Markato, ya fitar a 1569 don matuƙa jirgin ruwa tana kumbura ƙasashen da ke nesa da Ikwaita, har ƙasar Girinlan da ke can arewa mai nisa ta yi kamar ta kai Afirka, alhali Afirka ta ninka ta kusan sau 14. In kuna son kwatanta girma, ku duba dunƙulalliyar taswira.

Darasi na 9: Hoton tauraro

Tun 1972 taurarin ɗan'adam masu suna Landsat suke ɗaukar hoton ƙasa. Da irin waɗannan hotuna ake lura da daji da ambaliya da faɗaɗar birane. Ku danna hoton tauraro a wayarku ku nemo rufin da kuka sani. Hoton yana iya zama tsoho.

Amsar darasi na 5 kilomita huɗu da rabi ce. Ranar gwaji a fili za mu yi, da sassafe, kowa ya zo da zarensa da dutsensa.